Kambun Ɗanyar Fata

Duk shekara idan layya ta zo jikokina kan yi mini dariya, don ba na iya zama a tsakar gida in an shanya fatar rago. Sai su ce tsohuwa ta cika tsirfa, ita da ta girma cikin ƙarnin kifi. Ba ƙyama ba ce. Warin ɗanyar fata in rana ta fara cin ta, da ya shiga hancina sai harshena ya tafi da kansa ya taɓa haƙorina na gaba, wanda gefensa ya ɓalle. Fiye da shekara hamsin ke nan harshen bai daina zuwa wurin ba. Bari in gaya maka yadda haƙorin ya ɓalle, domin labarin jini ne da yadda yake tafiya a jikin mutum, kuma ni ba a aji na koye shi ba.

A Madarunfa aka haife ni, a wata unguwa da ke gangaren tabki, inda in damina ta yi kyau kukan kwaɗi ke hana mu jin kiran juna. Mulkin kai bai daɗe da zuwa ba, amma mu yara babu abin da ya dame mu da shi. Mu biyar ne a gidan. Akwai babana, wanda da an gama girbi yake bi ta Ɗan Isa ya tafi ci-rani Katsina, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Akwai Inna, mahaifiyata, mace mai sanyin murya. Sai ni, ina da shekara kamar goma sha ɗaya, da ƙanena mai shekara huɗu. Sai kuma Kaka, uwar babana, wadda in gaskiya za a faɗa ita ce gidan gaba ɗaya.

Kaka daga wani ƙauye ta fito can wajen Safo, kuma ba ta salla. Babana da Inna suna yi, ita kuwa tana nan a kan abin da ta tarar iyayenta na bi. Tana da wata tsamiya a bayan gida da take zuba wa gumba a gindi, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Mutanen gari su ce tsafi, ita ta ce gado. In ta rantse ta ce "Aradu", to magana ta ƙare, ko babana ba ya ƙarawa. Tsakanina da ƙanena Inna ta haifi maza uku, kuma babu wanda ya wuce yaye da wata biyu. Saboda haka Kaka ta ɗora ranta kacokan a kan wannan da ya tsaya. Mai gidana take kiransa, ta cire masa ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, ta goya shi har ƙafafunsa na bugun gwiwarta. Ni kuwa sunana a bakinta mai kunnen ƙashi, kuma ba zan ce ta yi mini ƙarya ba.

Ba a sa ni lakwal, wato makarantar boko, ba. Ranar da aka zo rubuta yara Kaka ta jefa ni cikin rumbu ta rufe, na wuni da gero da ɓeraye. Aikina shi ne tallar ƙuli-ƙulin Inna, kuma tallar ce ta kai ni gidan matar malamin lakwal, wadda kowa ke kira Madam. Kirista ce daga Maraɗi, kuma kafin ta yi aure ta yi aiki a asibitin 'yan mishan. Ba ta da ɗa a lokacin, sai ta mai da 'ya'yan unguwa nata. Tana da halin da ban taɓa gani wurin babba ba: in ka yi mata tambaya, sai ta ajiye abin da take yi ta amsa maka.

Wata ranar kasuwa cikin sanyi na tarar ta sayo zuciyar rago haɗe da huhunta, an ciro su tare ba a raba ba. Mu shida ne a tsakar gidan, sai ta ce, "Ku zo ku ga abin da ke cikin ƙirjinku kahin in dahwa shi." Ta sa muka dunƙule hannu, ta ce kowa zuciyarsa kamar girman dunƙulen hannunsa take. Sannan ta soka kara a maƙogwaron ta hura, huhun ya kumbura ya yi jajir kamar zai tashi ya yi tafiya. Yara huɗu suka zura da gudu har da mai zubar da takalmi. Ni ma na so gudu, amma farantin ƙuli-ƙulina na bayanta, don haka na tsaya.

Da suka dawo sai ta tsaga zuciyar da wuƙa ta buɗe mana. Har ranar, ni dai na ɗauka jini cike yake a jikin mutum kamar ruwa a salka, duk inda ka huda ya zubo. Ta ce, "Jini ba zamne shike ba. Tahiya shike, ya tahi ya komo, tun ranar da anka haihe ki har yanzun ga bai huta ba." Ta nuna mana ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da bango a tsakiya wanda ya raba dama da hagu. Ta tura ɗan yatsanta ta wasu fararen fatu marasa kauri da ke tsakanin ɗakunan, ta ce ƙofofi ne, kuma ta gefe guda kawai suke buɗewa, don kada jinin da ya wuce ya koma baya.

Ga yadda ta bi mana hanyar da yatsa, kuma har yau haka nake bin ta. Jinin da ya gama aiki a jiki yana dawowa da duhu-duhu, ya shiga ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa. Zuciya ta matsa, ta tura shi huhu. A can yake sauke gurɓatacciyar iskar da ya kwaso, wadda muke fitarwa da numfashi, ya ɗauki sabuwar da muka shaƙa, sai ya yi ja wur. Daga nan ya dawo ɓangaren hagu, sama sannan ƙasa. Ta sa kowannenmu ya latsa bangon ɗakin ƙasa na hagu, muka ji ya fi sauran kauri nesa ba kusa ba. Ta ce dole ya yi kauri, domin shi ne zai tura jinin har tsakar kai, har babban yatsan ƙafa. Hanyoyin tafiya suna can ciki, masu ƙarfi ne, kuma suna bugawa tare da zuciya. Hanyoyin dawowa masu laushi ne, wasunsu kusa da fata, su ne jijiyoyin da kake gani sun tashi a bayan hannun tsofaffi. Tsakanin na tafiya da na dawowa akwai wasu ƙanana da suka fi gashin kai siranta, kuma a nan ne jini ke miƙa wa nama abincinsa da iskarsa, ya karɓi dattinsa.

Ba ta bar mu da baki kawai ba. Ta ɗora mana yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, muka ji abu na motsi a hankali. Ta sa muka zagaye gidan da gudu sau uku muka sake taɓawa, muka ji yana sauri, ta ce ƙafafu ne suka nemi ƙarin abinci, zuciya ta ƙara hanzari. Sai ta ce kowa ya danna farcensa. Kai ma mai karatu danna naka yanzu ka gani. Zai yi fari, kana saki ja ya dawo nan take. Ta ce wannan jan shi ne jini ya komo wurin da ka kore shi.

Na ƙarshen da ni aka yi, don ni na miƙa hannu tun ba a tambaya ba. Ta ɗaure mini yatsa da zare. Ba a jima ba kan yatsan ya kumbura, ya yi duhu, ya fara zugi. Ta ce hanyar dawowa ce ta fara toshewa saboda laushinta, jini na shiga ba ya samun fita. In aka bar zaren, kumburin zai matse har hanyar tafiya, yatsa ya yi sanyi, nama ya rasa abinci. "Kuma naman da ya mutu ba shi tashi," in ji ta. Ta kwance, na ji kamar cinnaku sun cika yatsan. Na koma gida na bi kowa ina danna masa farce, har da Kaka tana barcin rana. Ta farka ta ba ni ranƙwashi, ta ce na zama likitan awaki.

Bazara ta shigo da zafin da ban manta ba, tabki ya ja baya ya bar laka tana tsagewa. Tare da zafin ƙyanda ta shigo gari. Gida uku a unguwarmu aka fitar da gawar yara cikin mako guda. Kaka ta daina cin abinci. Ta aika ƙauyensu, wani tsoho mai magani ya zo a kan jaki, aka sayi baƙin bunsuru aka yanka a gindin tsamiya.

To ga inda kuskuren ya shigo. Ƙanena ya saba da kambu, wato layar da ake ɗaurawa a damtse, amma duk waɗanda ya taɓa sawa baduku ne ya ɗinka su da jemammiyar fata, wadda ta gama motsinta. Wannan karon tsohon ya ce ciwon sauri yake yi, ba za a jira baduku ba, kuma da fatar bunsurun da aka yanka za a yi, tun da ɗuminta. Ya yanko tsiri ɗaya, ya naɗe ƙullin magani a ciki, ya ɗora farin wuri guda, irin na kuɗin da, a kan ƙullin, ya zagaya damtsen ƙanena na hagu ya ɗinke da siririn tsirin fatar. Ya kafa doka uku: kwana bakwai ba a cirewa, ƙarfe kada ya taɓa shi, yaro kada ya fita gida. Ranar kambun sakwa-sakwa yake, yatsana na shiga ƙarƙashinsa. Babu wanda ya tuna abin da kowane makaɗi ya sani, cewa ɗanyar fata ake ɗaura wa ganga domin in ta bushe tana tsukewa.

Kwana na biyu fatar ta bushe ta yi tauri, ƙanena ya fara susar wurin. Kwana na uku bayan hannunsa ya kumbura, yatsun suka yi kamar an hura su, yana ta ƙananan koke-koke. Kaka ta duba, fuskarta ta saki a karon farko cikin makonni. Ta ce, "Madalla. Magani na aiki, ya tattaro ciwon wuri guda." Ni kuwa gabana ya faɗi, don na taɓa ganin irin wannan kumburin, a yatsana.

Da safiyar kwana na huɗu na kama hannun. Cikin wannan zafin da ko tabarma ba ta kwantuwa, yatsun ƙanena sanyi gare su kamar gindin randa. Na danna farcensa, ya yi fari, na saki. Na jira. Na ƙirga har goma kafin wani ɗan launi mai duhu ya rarrafo. Na danna na hannun dama, ja ya dawo tun kafin in ɗauke yatsa. Na nemi bugun nan a wuyan hannun hagu, sai da na riƙe numfashina kafin na ji shi, can nesa, kamar ba ya so. Na ce masa ya kama yatsana, ya dube ni ya ce, "Yaya, hannun ya yi barci."

Na ajiye faranti na ruga gidan Madam. Ƙofar a rufe da kwaɗo. Maƙwabciyarta ta ce sun tafi Maraɗi bikinsu na coci, sai bayan kwana uku. Na dawo ina kuka don haushi, na sami Inna a madafa, na gaya mata duk abin da na sani, ɗakuna huɗu da hanyoyi da zaren da komai, ina haɗa wannan da wancan. Ta saurara har na gama, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Uku na bisne. In na kwance wanga ya bi su, da wane ido zan dubi ubanku?"

Sai na tafi wurin Kaka. Ban taɓa tsayawa gabanta da magana irin wannan ba. Na durƙusa na ce, "Kaka, fatar ta tsuke. Jini ba ya wucewa. In ba a kwance ba hannun zai mutu." Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Ke, mi kinka sani? Matar da ta bar abin ubanta ta bi baƙi, ita za ta koya mini jikin mutum? Saura kwana uku. Aradu, wanda ya taɓa kambun ga, shi ya kashe mini mai gida."

Kada ka ɗauka ban ji tsoro ba. Rabin zuciyata na tare da Kaka. A gidan na tashi, na ga tsamiyar nan tun ina rarrafe, kuma na ga an fita da yaran maƙwabta cikin tabarma. Ban san ko kambun na tare ƙyanda ba ko ba ya tarewa. Abu ɗaya na sani da idona, ba da jin labari ba: farcen nan ba ya komawa ja. Na zauna a bayan rumbu na yi ta juya abin, har na tsai da shawara cewa kwana uku hannun ba zai kai ba, kuma ko za a kore ni daga gidan sai na cire shi a ranar.

Bayan azahar Kaka ta yafa zane ta tafi gaisuwar rashi a gidan maƙwabta. Na hura wuta na ɗumama ruwa a ƙaramar tukunya. Inna na kallona daga bakin ɗakinta. Ta tashi ta mirgina turmi har bakin ƙofar gida, ta ɗauki taɓarya ta shiga daka da ƙarfi. Na ga abin da ke cikin turmin lokacin da ta wuce ni. Dusa ce kawai, wadda aka riga aka gama da ita.

Na jawo ƙanena cikin ɗaki, na ce za mu yi wasan likita. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na naɗe kambun, in ya huce in sake jiƙawa, har fatar ta fara laushi, warinta ya tashi ya cika ɗakin. Wuƙar Inna na nan soke a jikin zana, na dube ta sau biyu. Ban iya ɗauka ba. Doka ɗaya zan karya dole, amma na ji tsoron in haɗa da ta ƙarfen. Kambun ya nutse cikin naman da ya kumbura, babu inda za a kama sai ƙullin da aka yi ɗinkin a kai. Na sa gwiwa na danne ƙafafunsa, na kafa haƙora a ɗinkin.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina tauna ba. Ɗaci da gashi da ƙarni suka cika mini baki, na yi yunƙurin amai sau biyu na haɗiye. Ƙanena na dukan kaina da hannunsa mai lafiya, taɓaryar Inna na sauka a waje ba tsayawa. Zare ɗaya ya tsinke, sannan na biyu. A na uku na ciza da dukan ƙarfina, haƙorina ya sauka a kan farin wurin nan da aka ɗinka a jikin kambun, na ji ƙas har cikin ƙwaƙwalwata. Na tofar da gutsuren haƙori da jini, na koma na ciza. Na huɗu ya tsinke, fatar ta buɗe, ta bar wani rami zagaye da damtsen, ja da fari, fatar jikinsa ta saluɓe.

Da farko babu abin da ya faru. Can sai ƙanena ya ƙwalla ihun da ban taɓa ji ba, yana cewa wuta, wuta a hannunsa. Na tuna cinnakun yatsana, sai na kama dariya ina kuka, domin hannun da ya mutu ba ya jin wuta. Na riƙe wuyan hannun da yatsu biyu. Bugun ya fara zuwa, a hankali, sannan da ƙarfi. Na danna farce, ya yi fari, na saki, ja ya biyo baya da jan ƙafa, amma ya zo. Na yi ta dannawa ina saki har yaron ya gaji da kuka ya yi barci a cinyata.

A haka Kaka ta same mu. Ta ga fatar a ƙasa, ta ga bakina da jini. Na shirya wa duka, har na sunkuyar da kai. Ba ta taɓa ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki kambun da hannu biyu, ta ce, "In ya tahi, ke ce." Ta juya ta nufi tsamiya.

Bayan kwana uku Madam ta dawo. Inna ce da kanta ta goya yaron ta kai mata, ba ta nemi izinin kowa ba. Madam ta wanke gyambon, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce da an ƙara kwana guda da sai dai a kai shi Maraɗi a yanke hannun. Ta dubi haƙorina ta girgiza kai, ta ce, "Ke kuwa ba wuƙa a gidanku?"

Sai ga shi mako bai cika ba ƙyanda ta kama ƙanena. Ba ni da kalmar da zan gaya maka yadda kwanakin nan suka yi mini. Idonsa ya yi ja, ƙuraje suka feso, zazzaɓi na gasa shi. Kaka sai bi na da kallo take yi, kuma na gwammace duka da wannan kallon. Ina ba shi ruwa da kunu cokali-cokali yadda Madam ta ce, yatsuna biyu kullum a wuyan hannunsa, ina cewa a raina in dai wannan na bugawa ban yi kisa ba. A kwana na tara ya buɗe ido ya ce yana son kan kifi.

Kaka ba ta yi mini magana ba har ruwan farko ya sauka babana ya dawo. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ba ta bar tsamiyarta ba. A ganinta bunsurun ne ya tsai da yaron duk da ɓarnar da na yi. Amma daga shekarar, duk abin da za a ɗaura wa yaro a unguwarmu, laya ce ko guru ko abin hannu, in Kaka na wurin sai ta tura yatsu biyu ƙarƙashinsa, in ba su shiga ba ta ce a sake. In aka kawo ɗanyar fata, ta ce a kai wa baduku tukuna. In an tambaye ta dalili sai ta ce haka ta gada.

A shekarun babban fari ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Na riga na yi aure a Gabi, aka aiko na zo. Wata safiya ina shafa mata man gyaɗa a ƙafa, sai ta zaro hannunta daga cikin zane ta miƙo mini, wuyan hannun a sama, jijiyoyin duk sun fito. Ta ce, "Likitan awaki, taɓa ki ji. Shina zagayawa?" Na ɗora yatsu biyu. Yana nan, siriri, yana tsallake ɗaya-ɗaya. Na ce, "Yana zagayawa, Kaka." Ta ce, "To." Ba ta janye hannun ba, ni ma ban saki ba, har rana ta shigo ɗakin. Bayan kwana biyu ta rasu, kuma na yi kukanta fiye da yadda na zata.

Yanzu jikokina suna ganin zuciya na bugawa a cikin wayar hannu, da launi da komai, sun san sunayen ɗakunan da Faransanci. Tsamiyar ta faɗi, an gina shago a wurin. Amma har gobe ina ganin jarirai da zaren roba ya nutse musu a wuyan hannu don ado, kuma ba na jin kunyar kowa, a tsakiyar taron suna nake tura yatsuna in ce a kwance. Uwayen su ce tsohuwa ta cika shisshigi, su dai kwance.

Ƙanena yau dattijo ne mai furfura, saƙar taru yake yi a bakin tabki. Ƙaramin yatsansa na hagu bai ƙara lanƙwasuwa daidai ba, kuma zoben tabon na nan a damtsensa. Duk layya, in ya yanka ragonsa, yakan sa a kai fatar can bayan gari don kada in ji warinta, sannan ya ciro zuciyar ɗungum ya kawo mini da kansa, domin in tara yara in tsaga musu ita kafin a dafa. Yakan ce, "Yaya, ga taki. Mai laushi ce, ba za ta ƙarasa miki haƙorin ba." Bara wata jikata ta ja ni gefe, ta raɗa mini cewa tsohon nan ba shi da ladabi, ya miƙo wa babba abu da hagu. Na ce mata ta bar shi. Da gangan yake yi, shekara da shekaru, kuma a duk duniya hannun hagu ɗaya ke nan da nake karɓar abu daga gare shi da hannu biyu.